Kullum ina haddace kalmomin Turanci, me ya sa ba na gane abin da na karanta?

Tambaya: Wata ɗaliba daga Kano ta rubuto cewa ta gama sakandare, kuma sau biyu tana zana WAEC ba ta samu kiredit a Turanci ba. Ta ce kullum takan buɗe ƙamus ta kwafi kalmomi goma da ma'anarsu ta haddace, har ta cika littafi guda, amma da an ajiye mata labarin auna fahimta sai kanta ya ɗaure, ta karanta sau uku ba ta san inda aka dosa ba. Tana tambaya, kalmomi nawa ya kamata ta sani, kuma ta yaya za ta riƙa gane abin da take karantawa?

Amsa: 'Yata, da farko ki cire wa ranki cewa ƙwaƙwalwarki ce ba ta ja. Wadda ta iya zama kullum ta haddace kalmomi goma ba malalaciya ba ce. Ƙoƙarin yana nan, hanyar ce ba ta ɓullewa. Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, kuma abin da kika faɗa shi ne ciwon yawancin yaranmu masu himma: suna tara kalmomi, amma ba sa karatu. Ɗan kaɗan ɗin da suke karantawa kuma ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba.

Mu fara da maganar adadi, tunda ita kika fara kawowa. Paul Nation, malami a Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand, ya nuna a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin labari na Turanci ba tare da ya riƙa duba ƙamus ba yana buƙatar ya san kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke shafin, kuma kaiwa wannan matsayi yana buƙatar sanin dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Dangin kalma shi ne kalma da duk abin da aka tsiro daga jikinta, kamar decide, decided, decision da decisive, duk ɗaya ake ƙirga su. Kada adadin ya karya miki gwiwa, domin kalmomin ba daidai suke wajen yawan fitowa ba. Dangin kalmomi 2,000 da aka fi amfani da su, su kaɗai suna ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na yawancin rubutun da za ki ci karo da shi, a littattafan labari ma sun wuce haka. Tun 1953 Michael West ya fitar da jerin irin waɗannan kalmomi kusan 2,000, kuma har yau ana gina littattafan masu koyo a kan irin wannan tunani.

Yanzu ki yi lissafin da kanki. Shafi mai kalmomi 300, idan kin san kashi 98, kalmomi shida ne kawai baƙi a wurinki, kuma za ki iya cankar yawancinsu daga abin da ke kewaye da su. Idan kashi 95 kika sani, baƙin sun zama 15, ana tafiya amma da ɗingishi. Idan kuwa kashi 80 ne, kalmomi 60 ne ba ki sani ba a shafi ɗaya, wato ɗaya cikin kowace biyar. A nan babu wata dabarar karatu da za ta cece ki, ko sau goma kika maimaita. Ina kyautata zaton abin da ke faruwa da ke ke nan a ɗakin jarrabawa. Ki gwada yau: ɗauki labarin auna fahimta ɗaya daga tambayoyin shekarun baya, ki ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ba ki sani ba, ki ƙirga. Adadin da kika samu shi zai gaya miki inda kike tsaye.

To me ya sa littafin da kika cika bai rage wannan giɓi ba? Saboda ƙamus bisa haruffa aka jera shi, bai damu da wace kalma ce ta fi amfani ba. Idan kika faro daga A, za ki haddace abacus da abdicate da aberration kafin ki isa although, alhali although za ta tare ki kusan a kowane labari, su kuwa waɗancan sai ki yi shekara ba ki gamu da su ba. Akwai kuma wata al'ada da ta yi mana illa a makarantu, ta ɗaukar cewa iya Turanci shi ne fasa manyan kalmomi. Yaro ya tashi a muhawara ya zubo kalmar da shi kansa bai san ma'anarta ba, a yi ta tafi. Wannan yana ba ni takaici, domin mai duba takarda ba ya ba da maki don girman kalma. Yana duba ne ko kin gane, kuma ko abin da kika rubuta ya zauna daidai.

Bari in nuna miki abin da nake nufi da jimloli biyu da na shirya:

"Although the contractor had promised to repair the bridge before the rains set in, work did not commence until August, by which time three villages had been cut off. This angered the farmers, whose produce was left to rot by the roadside."

Babbar kalma ɗaya ce tak a nan, commence, kuma ita ce mafi sauƙin sha'ani, ma'anarta farawa. Inda ɗalibai ke faɗuwa daban ne. Although tana buɗe jimlar ne da gargaɗi cewa abin da za a faɗa yanzu bai tafi yadda aka zata ba, don haka tun kafin ki kai ƙarshe ya kamata ki san ɗan kwangilar bai cika alkawari ba. Did not commence until August ba ya nufin ba a yi aikin ba sam, yana nufin an fara, amma sai a watan Agusta. Da yawa suna ganin not sai su yanke hukunci cewa ba a taɓa aikin ba, su rasa makin. By which time na gaya miki cewa kafin a fara ɗin, ƙauyukan sun riga sun yanke daga sauran gari. Set in da cut off kuwa, kin san set, kin san in, kin san cut, kin san off, amma haɗuwarsu ta haifar da wata ma'ana: damina ta kankama, hanya ta katse. Sai This da ta buɗe jimla ta biyu. Me take nuni da shi? Ba gada ba ce, ba Agusta ba ce, jinkirin ne gaba ɗaya da abin da ya jawo. Sannan produce a nan suna ne, amfanin gona, ba aikatau ba ne mai nufin samarwa. Wadda ta haddace ma'ana ɗaya daga ƙamus za ta tsaya cak a wurin.

Kin ga dai ƙananan kalmomin da ake rainawa su ne ke riƙe da ma'anar, kuma ba a koyonsu ta hanyar jeri. Ana koyonsu ne ta yawan gamuwa da su a cikin jimloli daban-daban, sau goma, sau ashirin, har su zauna. Wannan ya kawo mu ga babban maganin, wanda ɗalibai ba sa son ji saboda suna ganin kamar komawa baya ne: ki sauko ki karanta abu mai sauƙi, ki karanta shi da yawa.

An gwada wannan a aikace. Warwick Elley da Francis Mangubhai sun wallafa sakamakon wani bincike a 1983 da suka yi a makarantun firamare na karkara a ƙasar Fiji, inda yara ke koyon Turanci a matsayin harshe na biyu kamar namu. An zuba wa azuzuwa littattafan labari kusan 250 masu daɗin karatu, aka ware lokacin karanta su kullum. Bayan wata takwas, yaran da suka yi wannan karatu sun ci gaba a fahimtar rubutu da kusan ninki biyu na abin da aka saba gani. Ba wani sabon nahawu aka ƙara musu ba, labarai ne kawai daidai ƙarfinsu.

Ƙa'idar ita ce ki nemi abin da ba ki rasa fiye da kalma biyar ko shida a shafi ba. Idan littafin 'yan firamare ne ya dace da ke a yau, shi za ki ɗauka, babu abin kunya a ciki, kuma ba za ki daɗe a wurin ba. Akwai littattafan da aka rubuta musamman don masu koyo, hawa-hawa, irin su jerin Oxford Bookworms da Macmillan Readers, inda matakin farko ke amfani da 'yan ɗaruruwan kalmomi, kowane mataki kuma ya ƙara kaɗan. Ki duba wurin masu sayar da littattafan gwanjo, ki leƙa Laburaren Murtala Muhammad tunda a Kano kike. Idan kina da waya, shafin African Storybook yana da gajerun labarai kyauta da aka kasa mataki-mataki, BBC Learning English kuma tana da darussa da za ki saurara kina bin rubutun da ido. Minti 20 zuwa 30 kullum ya wadatar, da sharaɗin kada ki buɗe ƙamus a lokacin. Kalmar da ta tare ki, ki canka ki wuce. Idan ta sake dawowa sau uku tana hana ki gane labarin, sai ki sa mata alama ki duba bayan kin gama. Littafin da ya gundure ki kuma ki ajiye shi ki ɗauki wani, domin wanda ba ya jin daɗin labari ba zai kai shafi na talatin ba.

Akwai wata dabara da mu masu jin Hausa muke da ita a hannu ba mu amfani da ita. Kamfani ɗaya ne ke buga Aminiya da Daily Trust, kuma manyan labaran rana sukan fito a duka biyun. Ki fara karanta labarin da Hausa, ki san wa ya yi me, a ina, saboda me. Sannan ki nemi labarin da Turanci. Tunda kin riga kin san abin da ya faru, hankalinki zai koma kan yadda aka faɗe shi, kuma kalmomi irin su allege, deny, approve da suspend za su shige ki ba tare da wahala ba, domin kullum suna dawowa a labaran siyasa da kotu. Wannan ma yana ƙara miki sanin duniya, wanda shi kansa rabin fahimta ne. Labarin jarrabawa a kan zaizayar ƙasa ko cunkoson birane ya fi sauƙi ga wadda ta taɓa karanta wani abu a kan batun, ko da da Hausa ne.

Ban ce ki daina hadda ba. Hadda tana da amfani sosai, musamman wajen hanzarta kama kalmomi 2,000 zuwa 3,000 na farko. Gyara biyu take buƙata: abin da ake haddacewa, da yadda ake bitarsa. Kalmomin su fito daga abin da kika karanta, ko daga jerin waɗanda aka fi amfani da su. Idan kin ƙware a waɗannan, akwai jerin da Averil Coxhead ta fitar a 2000 mai dangin kalmomi 570 da ke yawan fitowa a rubutun ilimi, irin su assume, factor, significant, evident da establish. Su kaɗai suna ɗauke da kusan kashi 10 cikin 100 na irin wannan rubutu, kuma su ne za ki yi ta gani a labaran WAEC da JAMB da littattafan jami'a.

Maganar bita kuwa, duk wanda ya yi haddar Alƙur'ani ya san ƙari ba shi ne aikin ba, riƙewa ce aikin, shi ya sa malam ba ya ƙara wa ɗalibi sai ya kawo na baya. Ke kina ƙari kullum ba tilawa. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna yadda mantuwa ke aiki, ya gano cewa mafi yawan abin da aka haddace yana zubewa ne a sa'o'i da kwanakin farko, kuma kowace bita tana rage saurin zubewar. Don haka ki yanka kwali ƙanana. A gefe ɗaya ki rubuta kalmar tare da jimlar da kika same ta a ciki, a ɗaya gefen ma'anarta da Hausa. Na san wasu malamai suna hana sa Hausa, ni ban yarda da su ba a nan. Ma'ana da harshenki ta fi saurin kamawa kuma ta fi fitowa fili, abin da ake gudu kawai shi ne fassara kowace kalma a zuci lokacin da ake tsaka da karatu. Ki dubi kalmar, ki matsa wa kanki ki tuno ma'anar kafin ki juya katin, domin wannan ƙoƙarin tunowa shi ne ke kafa ta. Wadda kika ci, ki sake dubanta gobe, sai bayan kwana uku, sai mako, sai mako biyu, sai wata. Wadda kika faɗi ta koma farko. Ambulan huɗu ko biyar sun isa ki raba katunan bisa ranar bitarsu. Manhajar Anki tana yin wannan lissafi da kanta, kuma kyauta ce a wayoyin Android. Sababbin kalmomi biyar zuwa bakwai a rana tare da bita sun fi goma da ba a waiwayarsu.

Ƙamus ɗin ma ki duba wane iri ne a hannunki. Na masu koyo kike buƙata, irin Oxford Advanced Learner's ko Longman, wanda shi Longman da kalmomi kusan 2,000 masu sauƙi yake bayanin duk abin da ke cikinsa. Idan kin buɗe, kada ki tsaya a ma'anar farko. Ki karanta jimlolin misali, ki ga da wace kalma take tafiya. Ana cewa depend on, interested in, make a mistake, congratulate on, kuma irin waɗannan ne ke cika tambayoyin zaɓi. Ki kuma saba da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya na Turanci. Wadda ta san aikin un, dis, mis da re a gaban kalma, da less, ful, ment da tion a bayanta, idan ta koyi kalma ɗaya ta samu uku ko huɗu a kyauta.

Sau biyu a mako kuma ki yi akasin karatun sauƙi. Ki ɗauki labari ɗaya mai wuya daga tambayoyin shekarun baya ki feɗe shi yadda muka yi wa jimlolin gada. A kowace doguwar jimla ki nemo aikau da babban aikatau tukuna, wato wa ya yi, me ya yi, sauran duk ƙarin bayani ne. Ki zagaye kowane however, despite, whereas, therefore da unless, ki faɗa wa kanki aikin da yake yi. Kowane it, they, this da which ki ja kibiya zuwa abin da yake wakilta. Idan kin gama sakin layi, ki rufe takardar ki faɗi abin da ya ƙunsa a jimla ɗaya, da Hausa ma ya yi. Idan kin kasa, ba ki gane shi ba tukuna, ki koma.

Wannan aiki na ƙarshe shi ne ainihin abin da ake nema a sashen taƙaitawa, wanda ɗalibai ke rainawa alhali a takarda ta biyu ta WAEC yana da maki 30, auna fahimta na da 20, insha'i kuma 50. A taƙaitawa ana so ki fito da gundarin magana cikin cikakkun jimloli da kalmominki, ki zubar da misalai. Duk inda kika ga for instance ko such as, abin da ke biye misali ne, ba shi ake nema ba. Kwafo jimla ɗungurungum daga labarin yana jawo asarar maki, haka ma cusa bayanin da ba a tambaya ba. A tambayar da ake cewa ki kawo kalmar da za ta maye gurbin wata kuwa, sanin ma'ana kaɗai bai isa ba, sai siffar kalmar ta dace da gurbin. A misalinmu, madadin commence shi ne begin ko start, idan kika rubuta began kin faɗi, domin did not began ba Turanci ba ne. Madadin angered kuma annoyed ne ko infuriated, ba angry ba. Kullum ki ɗora amsarki a cikin jimlar ki karanta, ki ji ko ta zauna.

Sauri ma yana da muhimmanci, musamman idan za ki zana JAMB, inda ake ba da tambayoyi 180 cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci. Idan kika raba, daƙiƙa 40 ce ga kowace tambaya, kuma a cikinta za ki karanta labaran. Wadda ke bin layi da yatsa tana motsa leɓe ba za ta kai ba. Yawan karatun sauƙi shi ne ke kawo sauri, domin ido yana sabawa da ɗaukar kalmomi uku ko huɗu a tare. Sau ɗaya a mako ki sa agogo ki ga kalmomi nawa kike karantawa a minti ɗaya tare da fahimta, ki rubuta. Idan kin kai 150 zuwa 200 a rubutu daidai ƙarfinki, kin kama hanya. A ɗakin jarrabawa ki karanta labarin sau ɗaya ba tsayawa don ki san inda ya dosa, sannan ki karanta tambayoyin, sannan ki koma ki nemo amsoshin. Amsar tana cikin labarin, ba a cikin abin da kika sani daga waje ba, ko da kina ganin marubucin bai yi daidai ba.

Game da lokaci, ba aikin mako biyu ba ne. A watan farko za ki ji kamar ba abin da ke canzawa, a wata na uku za ki lura kin daina fassara kowace jimla a zuci, kuma wata shida zuwa shekara na irin wannan aiki kan sauya sakamako ƙwarai. Tunda kin gama makaranta, jarrabawar 'yan waje za ki zana, wadda aka fi sani da GCE, ko ta NECO, don haka ki zaɓi zangon da zai ba ki aƙalla wata shida na shiri maimakon ki yi gaggawar biyan kuɗin mafi kusa. A makonni shida na ƙarshe sai ki ƙara yawan tambayoyin shekarun baya zuwa sau huɗu a mako, kina sa agogo, ki samu malami ko wata da ta fi ki ta duba miki taƙaitawar da insha'in, amma karatun minti 20 na kullum da bitar katuna su ci gaba har ranar jarrabawa. Allah Ya ba da sa'a.